Jinkirin Sauti Na Cin Ribar Ƙananan Ɗakunan Naɗar Waƙa A Yola Da Jimeta

YOLA — Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin Njuwa da ke gefen garin Yola a shekarun da bikin kamun kifi yake tashe, ya san cewa idan makaɗi yana can tsallake, ido yakan riga kunne. Sai a ga hannu ya sauka a kan ganga, daga baya sa'an nan amo ya iso. Dalili kuwa shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka wanda ke nesa da makaɗi da mita 100 sai ya jira kusan sulusin daƙiƙa kafin ya ji abin da idonsa ya riga ya gani. A bakin tafki wannan jinkiri ba ya cutar da kowa. Amma a cikin ƙananan ɗakunan naɗar waƙa da matasa ke buɗewa a Jimeta da Yola, jinkirin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba ya isa ya ɓata aikin yini guda, ya ƙone man janareta a banza, ya kuma sa mai waƙa ya ɗauki kuɗinsa ya nufi wani wuri.

Sana'ar ba ta da girma a ido, amma tana da kasuwa. Akwai waƙoƙin biki da iyalan amarya ko abokan ango ke biya a yi musu da sunayensu a ciki, akwai masu begen Manzon Allah, akwai mawaƙan coci-coci da ke rera waƙa da Hausa da sauran harsunan jihar, akwai kuma tallace-tallacen da 'yan kasuwa ke kai wa kafafen yaɗa labarai irin su Gidan Rediyon Jihar Adamawa da Fombina FM da Rediyo Gotel. Daɗin daɗawa, waƙar da aka yi da Fulatanci ba ta tsaya a kan iyaka ba, domin tana da masu saurare har Garwa da Marwa a ƙasar Kamaru. Uwa-uba kuma lokacin siyasa, wanda shi ne kakar masu sana'ar, lokacin da kowane ɗan takara, tun daga mai neman kansila har zuwa gwamna, yake son a ji sunansa a lasifika.

A da, wanda duk ke son aiki mai kyau sai ya kama hanyar Kano. A can ne a ƙarshen shekarun 1990 wasu ɗakunan naɗar sauti, ciki har da na Iyan-Tama, suka fara amfani da fiyanon Yamaha samfurin PSR wajen yi wa finafinan Hausa kiɗa, abin da ya sauya salon waƙar zamani a Arewa baki ɗaya. A wancan lokaci fiyano shi ne jari. Yanzu kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka ta haɗiye fiyano da na'urar haɗa sauti da rikoda duka, ta hanyar manhajoji irin su Cubase na kamfanin Steinberg da ke Hamburg a Jamus, da FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam. Wannan ya rage kuɗin shiga sana'ar ƙwarai da gaske. Sai dai ya zo da nasa ciwon kai, wanda yawancin masu zuba jarin ba su san da shi ba sai bayan sun biya kuɗin kaya.

Yadda abin yake shi ne, muryar da ta shiga makirfo ba ta fitowa a na'urar kunne nan take. Sai an fara mayar da ita lambobi, sau 44,100 ko sau 48,000 a kowace daƙiƙa, a tura wa kwamfuta, ta sarrafa, ta dawo da ita, a sake mayar da ita sauti. Kwamfuta kuwa ba ta karɓar waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya. Tara su ake yi a wata 'yar ma'ajiya da masu sana'ar ke kira bafa, sai ta cika sa'an nan a miƙa. Misalin ya yi kama da na motar haya a tashar Jambutu: babbar mota ba ta tashi sai ta cika, saboda haka fasinjan farko zai daɗe yana zaune, amma direba sawu kaɗan zai yi a yini. Ƙaramar mota tana cika da wuri, amma sawun ya yi yawa, injin kuma ya galabaita. Haka bafa take. Idan aka girmama ta, kwamfuta ta huta amma sauti ya makara. Idan aka ƙanƙanta ta, sauti ya zo da wuri amma kwamfuta na iya kasawa, sai a ji ƙas-ƙas da yankewa a cikin naɗin.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ya kamata duk mai niyyar saka kuɗinsa a harkar ya iya shi. Ana auna jinkirin ne da milisakan, wato kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan bafa tana ɗaukar 1,024 kuma ana naɗi a kan 44,100, to cikarta kaɗai na cin milisakan 23. Da yake sautin shiga zai yi ya kuma fita, sai a ninka, ya zama 46, ban da ɗan abin da na'urar kanta ke ƙarawa. Idan aka rage ta zuwa 256 sai ya koma ƙasa da milisakan 6 a kowane ɓangare, idan kuwa 128 ce a kan 48,000, bai kai 3 ba. Masu aikin sauti sun daɗe da ɗaukar kimanin milisakan 10 na shiga da fita a matsayin iyakar da yawancin makaɗa za su iya aiki ba tare da damuwa ba, wanda daidai yake da mutum ya tsaya mita uku da rabi daga lasifika. Milisakan 46 kuwa tamkar a ce wa mai kalangu ya yi kiɗa yana jin kalangunsa daga tazarar mita 15 ne. A waƙar da ke da bugu 120 a minti ɗaya, ƙaramin bugun da ake raba kowane bugu gida huɗu milisakan 125 ne kacal, don haka jinkirin ya cinye fiye da sulusinsa. Mai kiɗan da ya ƙware zai ji hannunsa na yi masa nauyi, ya rasa dalili. Mawaƙi kuma zai ji kamar wani na bin bayansa yana kwaikwayonsa, domin yana jin muryarsa ta cikin ƙashin kansa nan take, sa'an nan ya sake jin ta a kunne a makare.

A nan ne maganar direba ta shigo, ba direban mota ba, a'a, 'yar manhajar da ke tsakanin kwamfuta da na'urar sauti. Windows ta zo da nata hanyoyin tun asali, irin su MME na farkon shekarun 1990 da DirectSound na 1995, amma an tsara su ne don kallon fim da wasannin kwamfuta, inda ba wanda ya damu idan sauti ya makara kaɗan. Ta waɗannan hanyoyi jinkiri kan kai milisakan masu yawa, wani lokaci fiye da 100. Wannan ne ya sa kamfanin Steinberg ya fito da tsarin ASIO a 1997, wanda ke bai wa manhajar waƙa damar yin magana da na'urar sauti kai tsaye ba tare da bi ta ofisoshin Windows ba. Kusan shekara talatin ke nan, har yanzu shi ne abin dogaro ga masu amfani da Windows, duk da cewa Microsoft ta kawo WASAPI tare da Windows Vista a 2007, wanda ya rage matsalar amma bai kawar da ASIO daga ɗakunan naɗi ba. Kwamfutocin Apple ba su da wannan rigima, domin tsarinsu na Core Audio a ciki yake tun daga masana'anta. Rigimarsu ita ce farashi.

To sai dai ba kowane abu mai suna ASIO ba ne ASIO na asali, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai ASIO4ALL, wata manhaja ta kyauta da ta bayyana a farkon shekarun 2000, wadda ke lulluɓe direban Windows ya yi kama da ASIO. Ta ceci ɗimbin masu ƙaramin ƙarfi, kuma ba a raina ta ba, amma ba ta iya ba na'ura saurin da ba ta da shi. Har ila yau takan riƙe na'urar sauti ita kaɗai, ta yadda idan mawaƙi ya ce a kunna masa wata waƙa a YouTube don a ji irin kiɗan da yake so, sai a ji shiru har sai an rufe manhajar aiki. FL Studio na zuwa da nata direban da ya warware wannan matsala ta riƙewa, amma jinkirinsa ya fi yawa. Abin da ya fi duka shi ne direban da kamfanin da ya ƙera na'urar ya rubuta mata da kansa.

Na'urar da ake magana ita ce ɗan akwatin sautin da ake jona wa kwamfuta ta USB, a kuma jona masa makirfo da na'urar kunne da lasifika, wanda a kasuwa aka fi sani da sawun-kad. Waɗanda suka fi yawo a hannun ƙananan masu sana'a a duniya sun haɗa da Scarlett na kamfanin Focusrite na Ingila, wanda ya fara fitowa a 2011 kuma zubi na huɗu ya fito a 2023, da AudioBox na PreSonus, da jerin UR na Steinberg, da kuma na Behringer masu sauƙin kuɗi. Ko a cikin kayan kamfani ɗaya akwai bambancin da ba a gani a jikin kwali. Alal misali, UM2 da UMC22 na Behringer ba su da direban ASIO na kansu, da ASIO4ALL ake tafiyar da su, alhali UMC202HD da ke sama da su kaɗan a farashi yana da nasa. Mai saye da ya duba kuɗi kawai zai ɗauki na farko yana murnar ya yi ciniki. Akwai kuma ƙananan akwatunan nan masu fitilu da ake kira V8, waɗanda suka cika shagunan kayan waya. An yi su ne don masu hira kai tsaye a Facebook da TikTok, ba su da ASIO, ba sa kuma ba da wutar bolt 48 da makirfon naɗin murya mai ƙarfin ji, irin su AT2020 na Audio-Technica, ke buƙata kafin ya yi aiki. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Kusan duk akwatunan kirki suna da wani maɓalli da ke tura muryar mawaƙi zuwa kunnensa kai tsaye ba tare da ta shiga kwamfuta ba, wanda ke kawar da jinkirin gaba ɗaya. A wasu ƙasashe wannan kaɗai ya kashe maganar. Amma a kasuwar waƙar Hausa bai kashe ba, kuma wannan batu ne da dillalan kaya ba su cika kula da shi ba. Salon da ya samo asali daga waƙoƙin finafinan Kano ya dogara ƙwarai a kan Auto-Tune, manhajar daidaita murya da kamfanin Antares na Amurka ya fitar a 1997. Mawaƙa da yawa sun saba rera waƙa suna jin muryarsu a gyare, da amsa-kuwwa a kanta, kuma da abin da suke ji ne suke lanƙwasa muryar. Idan aka ba su busasshiyar murya ta wancan maɓalli, sai su ce sutudiyon ba shi da daɗi. Ita kuwa gyararriyar murya dole ta ratsa kwamfuta ta dawo. Ke nan mai ɗakin naɗi a Jimeta ya fi takwaransa na wasu wurare buƙatar direba mai sauri, ko da yake ya fi shi ƙarancin jari. Dabarar da ƙwararru ke bi ita ce a rage bafa zuwa 128 ko 64 lokacin ɗaukar murya, a kashe manhajoji masu nauyi da ke kan kiɗan, sa'an nan idan an zo haɗa sauti, inda jinkiri ba ya cutarwa, a mayar da ita 1,024. Na'urar kunne ta Bluetooth kuwa ba ta da wuri a ɗakin naɗi sam, domin ita kaɗai kan ƙara fiye da milisakan 100.

Ta fuskar kuɗi, duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, galibi ta Legas, inda kasuwar Alaba da ta kwamfuta a Ikeja suke, sai su biyo ta Kano ko Abuja ko kuma a ɗoro su a mota kai tsaye. Saboda haka farashinsu na bin dala sau da ƙafa. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala tana kusan N460 a farashin gwamnati. A watan Fabrairun 2024 ta haura N1,500. Akwatin da ake sayarwa dala 200 a ƙasar da aka ƙera shi, wanda a tsohon lissafi N92,000 ne, ya koma N300,000 tun kafin a sa kuɗin kwastan da na mota da ribar dillali. Ba abin mamaki ba ne idan matashi ya koma ga na hannu ko mafi araha. Amma hisabin da ya kamata a yi ba na ranar saye ba ne kaɗai. A ɗauka ɗakin naɗi na iya gama ɗaukar muryar waƙa ɗaya cikin awa biyu idan komai na tafiya daidai, amma saboda maimaici da gyaran wuraren da murya ta zame daga kiɗa sai ya ci awa huɗu. Mai ɗakin ya yi asarar rabin abin da zai iya yi a yini, kuma da yake yawanci a kan waƙa ake ciniki ba a kan awa ba, shi ne zai ɗauki asarar, ba mawaƙi ba. A mako biyu ko uku na hada-hadar siyasa ko bukukuwan bayan salla, bambancin na iya zarce ratar kuɗin da ke tsakanin akwatin kirki da na jeka-na-yi-ka.

Ga kuma batun wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce N1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 ɓarayin ƙarfe suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, abin da ya jefa Yola da Jalingo da wasu biranen Arewa maso Gabas cikin duhu na makonni, a watan Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka sake shiga irin wannan hali. Ƙaramin akwatin da ke shan wutarsa daga USB yana da fa'ida a nan, domin batirin kwamfuta ya ishe shi, ana iya kashe janareta a ɗauki murya cikin shiru. Hakan ma na maganin wani gurnani da kan shiga naɗi ta wayar caja idan wutar ba ta da tsabta ko ginin ba shi da wayar ƙasa. Sai dai Windows, da zarar ta ga an cire caja, takan rage ƙarfin kwamfuta don ta tsimi batir, daga nan sai ƙas-ƙas ya dawo. Maganin a saitin wuta yake, ba ya cin ko kwabo, amma an sha ɗora wa akwatin sauti laifin da ba nasa ba, har a sayar da shi a faɗuwa.

Zafin Yola ma abokin gaba ne. A watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, ɗakin naɗi kuwa a rufe yake ruf, an manna masa katifu don kada ƙarar keke Napep ta shigo, an kuma kashe fanka don kada makirfo ya ɗauke ta. Kwamfuta idan ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, saboda haka saitin da ya yi aiki lafiya da safe sai ya ƙi da azahar. Ƙurar hunturu da ta toshe mata iska tana ƙara dagula lamarin. Buɗe ta a share, a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarta da abin sanyaya ta, aiki ne da masu gyara a kasuwar Jimeta ke iyawa, kuma ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Wani abin da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye shi ne, Microsoft ta daina kula da Windows 10 daga ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta hawa yawancin kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na takwas na Intel, wanda ya fara fitowa a 2017. Irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci su ne ofisoshin Turai da Amurka ke zubarwa, su ne kuma ke ƙarewa a kasuwannin kayan hannu na Afirka. Ga ɗakin naɗin da ba ya jona kwamfutarsa da intanet, tsohuwar Windows ba ta hana aiki. Haɗarin yana wajen haɗa tsoho da sabo: sabon akwati na iya zuwa da direban da ba ya hawa tsohuwar Windows, tsohon akwati kuma, musamman masu amfani da FireWire da aka daina yayi, na iya rasa direba a sabuwa. Kamfanoni na wallafa jerin abin da direbansu ke hawa, kuma dubawa kafin biya ba ta ɗaukar minti biyar.

Akwai ribar da masu saye ba su cika lura da ita ba. Sabbin akwatuna na asali kan zo da lasisin ƙaramar manhajar aiki kyauta, kamar Cubase AI a kayan Steinberg ko Ableton Live Lite a na Focusrite, muddin aka yi wa lambar jikin akwatin rajista. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda aka saba da manhajojin sata, waɗanda kan zo da ƙwayoyin cuta masu cinye ƙarfin kwamfuta a ɓoye, su jawo irin yankewar da ake gudu. A shekarun 2022 da 2023 bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, abin da ya sa sayen manhaja ta halal ya yi wuya ko ga mai niyya. Sai a tsakiyar 2025 wasu daga cikinsu suka dawo da shi. Ita rajistar kuma hanya ce ta gane jabu, domin lambar da kamfani bai sani ba ba ta shiga.

Ga dillalin kayan lantarki a Jimeta da ke tunanin ƙara wannan layi a shagonsa kafin kakar zaɓen 2027, kayan ba su da nauyi, ba sa cin wuri, ba sa kuma lalacewa a ajiye, sai dai jarinsu na kwana idan naira ta farfaɗo bayan an saro da tsada. Abin da zai bambanta shi da mai aiko da kaya daga Legas shi ne gwaji a gaban mai saye: ya zo da kwamfutarsa, a saka direban kamfani, a jona makirfo, a sa bafa a 128, a kunna kiɗa mai nauyi tare da manhajar gyaran murya, a bar shi ya yi minti goma sha biyar. Cubase da FL Studio duk suna nuna adadin milisakan a shafin saitin sauti, mai saye zai gani da idonsa. Idan an ji ƙas-ƙas, sai a kashe Wi-Fi a sake gwadawa, domin direbanta na cikin waɗanda suka fi tare wa sauti hanya a kwamfutocin tafi-da-gidanka. Akwai ma wata manhaja mai suna LatencyMon da ke nuna wanne ne mai laifin. Idan har bayan haka bai daidaita ba sai a bafa 512, to matsalar a kwamfutar take, kuma canza akwati ba zai gyara ta ba.